Wai da gaske ne za a riƙa cire haraji daga duk kuɗin da ya shiga asusuna?

Wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce tun da aka shiga 2026 hankalinsa bai kwanta ba, domin ana ta yaɗa cewa gwamnati za ta riƙa yankar kaso daga duk kuɗin da ya faɗa asusun mutum. Kuɗin da ke ratsa asusunsa a shekara sun kai naira miliyan 36, maiɗakinsa ma tana sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp, kuma kuɗinta a asusunsa suke sauka. Yana tunanin ya kwashe kuɗinsa daga banki ya koma cinikin hannu da hannu. Ya ce a gaya masa gaskiya, kuma a ba shi shawarar yadda zai tsare abin da ya tara.

Alhaji, kada ka kwashe kuɗinka. Babu wata doka da ta ce a yanki kaso daga kowane alat da ya shigo wayarka. Haraji a kan riba yake, ba a kan kuɗin da ya ratsa asusu ba. Amma akwai wani abu a cikin tambayarka da ya fi jita-jitar damuna, shi ne cewa kuɗin shago da na gida da na Hajiya duk a tukunya ɗaya suke dahuwa. Can ne matsalarka take, kuma zan daɗe a kai.

Na fahimci dalilin tsoron. Mu nan Arewa kalmar haraji tana da nata tabon. Iyayenmu sun ga lokacin da ake bin mutum gida-gida kan haraji da jangali, har sai da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Sannan wanda ya sha wahalar canjin kuɗi na farkon 2023, ya yi layi a bakin banki tun asuba, ba za ka ga laifinsa ba in ya ji "sabuwar doka" gabansa ya faɗi. Sai dai tsoro ba ya maye gurbin sanin abin da doka ta ce.

Ga abin da ya faru. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, kuma manyan tanade-tanadensu sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. Za ka tuna hayaniyar da aka yi a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da ƙudurin. Wannan rigimar a kan rabon kuɗin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, tsakanin jihohi ce, ba a kan aljihunka ba, kuma an daidaita ta kafin a sa hannu. VAT ɗin kansa yana nan a kashi 7.5 cikin 100 kamar yadda yake tun 2020, duk da cewa ƙudurin farko ya nemi a ƙara shi.

Kai da kake kasuwanci da sunanka, ko da ka yi wa sunan shagon rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, doka tana kallonka a matsayin mutum ɗaya mai samun kuɗi, ba kamfani ba. Saboda haka harajinka na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne, wato KIRS a nan Kano, KADIRS ga mutanen Kaduna. NRS ba ta da hurumi a kan ribarka. Mutane da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa duk wanda ya zo da riga mai tambari ya ce daga Abuja yake sai jiki ya ɗauki rawa.

Yadda ake lissafin kuwa hawa-hawa ne. Naira 800,000 na farko a cikin abin da ka samu a shekara ba a taɓa su. Naira miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin 100. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Miliyan 13 na gaba, kashi 21. Miliyan 25 na gaba, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25. Kuskuren da kowa ke yi shi ne zaton cewa in ka tsallaka wani mataki, duk kuɗinka za a lissafa da sabon kason. A'a, abin da ya hau matakin kaɗai ake lissafawa da shi.

Bari mu gwada da shagonka, da alƙaluman da na ƙiyasta don misali. A ce cinikinka na shekara miliyan 36 ɗin nan ne. A ce kayan da ka sayar, kai ka saro su a kan miliyan 29.5. Hayar shago 900,000, albashin yaran shago miliyan 1.2, kuɗin mota da dako 700,000, man janareta da wuta 300,000. Kuɗin gudanar da shago ya tashi miliyan 3.1 ke nan. Ribarka ta gaskiya miliyan 3.4 ce. In gidan haya kake zaune, sabuwar doka ta yarda ka cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gidan, muddin abin da za ka cire bai wuce 500,000 ba. A ce kana biyan 600,000, sai ka cire 120,000, saura miliyan 3.28. Daga nan 800,000 kyauta ne. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 280,000 a kashi 18 ya ba da 50,400. Harajinka na shekara gaba ɗaya 380,400, wajen 31,700 a wata. Ba kuɗin yarwa ba ne, amma ba shi zai rufe maka shago ba.

To yanzu a ce ba ka da rasit ɗin sari, ba ka da littafin ciniki, ba ka da komai sai takardar banki da ke nuna miliyan 36 sun shigo. Da za a ɗauki kuɗin nan dukkansu a matsayin samu, lissafin zai kai naira miliyan 7.21. Ban ce haka za a yi maka ba, domin jami'in da ya san aikinsa ya san ɗan kasuwa yana sari. Amma doka ta ba hukuma damar yi wa wanda ba shi da lissafi ƙiyasi, kuma in aka yi maka ƙiyasin da ya yi yawa, da me za ka musa? Tsakanin 380,400 da duk adadin da wani ya ga damar rubuta maka, abin da ke tsaye littafi ne na 'yan ɗaruruwan naira da kwalin ajiye rasit.

Na taɓa yin aiki da wani mai sayar da kayan masarufi da aka kawo wa takardar ƙiyasi mai nauyi. Mutumin kirki ne, kuma na yarda da shi da ya ce ribarsa ba ta kai haka ba. Muka zauna da takardun bankinsa na shekara biyu. Sai ga kuɗin adashin da yake riƙe wa 'yan layinsu, ga kuɗin da ƙaninsa ke turowa daga Saudiyya don ginin gida, ga gudummawar bikin 'yarsa, ga kuɗin wani maƙwabci da ba shi da asusu yana karɓa ta nasa. Kusan rabin abin da ya shigo ba nasa ba ne. Mun yi makonni muna bin layi ɗaya-ɗaya, yana dafe kai yana cewa "wannan kam na manta na wane ne." An rage masa daga ƙarshe, amma akwai kuɗaɗen da ba mu iya kare su ba, saboda babu ko ƙyallen takarda a kansu.

Shi ya sa abu na farko da nake so ka yi a wannan makon shi ne raba asusu. Ɗaya na shago, wanda kuɗin ciniki kaɗai ke shiga, kuɗin sari da hidimar shago kaɗai ke fita. Ɗaya naka na gida. Ka yanka wa kanka albashi, duk wata ka tura daga na shago zuwa na gida, cefane da kuɗin makaranta da zumunci su fita daga can. Hajiya kuma ta buɗe nata da sunanta. Doka tana lissafa miji daban, mata daban. In ribar turarenta ba ta wuce 800,000 a shekara ba, ko sisi ba za ta biya ba. Amma muddin kuɗinta na sauka a asusunka, a idon mai bincike naka ne, kuma zai hau kan naka a matakin kashi 18. Ka ga ka jawo wa kuɗin da ba a bin su komai haraji. Ban da haka ma, dukiyar mace tata ce a addini, kuma ranar da aka zo rabon gado, Allah ya sa da nisa, ba wanda zai iya tantance nata daga naka.

Kyauta, gado, bashin da ka karɓa, kuɗin da ɗan'uwa ya aiko a kula da iyaye, ajiyar da wani ya ba ka, duk waɗannan ba samu ba ne, ba a biyan haraji a kansu. Akwai masu cewa sai ka rubuta "kyauta" a wajen bayanin tura kuɗi, in ba haka ba za a cire maka. Ba injin da ke zaune yana karanta bayanin yana yanka. Amma rubuta bayanin gaskiya yana da amfani ga kai kanka, domin bayan wata goma sha takwas shi zai tuna maka. Rubuta "kyauta" a kan kuɗin ciniki kuwa yaudarar kai ce. Wanda ake yi wa kyauta sau arba'in a rana daga mutane daban-daban, kifi na ganinka mai jar koma.

Abin da za ka gani ana cirewa kai tsaye shi ne naira 50 a kan turawar da ta kai 10,000 ko fiye. Wannan ba sabo ba ne, an daɗe ana cire shi, kuma tun ƙarshen 2024 ya shafi su OPay da Moniepoint. Abin da ya canza a 2026 shi ne yanzu mai turawa ke biya, ba mai karɓa ba. Ina zaton wannan naira hamsin ɗin ce ta haifi rabin jita-jitar.

Shin hukuma na iya taɓa asusun mutum? Tana iya umartar banki ya biya ta daga kuɗin wanda bashin haraji ya tabbata a kansa, kuma wannan ikon ya girmi sabuwar doka. Amma sai an bi matakai: a yi maka lissafi, a kawo maka takarda, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi. In ba ku daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma sabuwar doka ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne a kawo takarda, a karɓa a jefa a ƙarƙashin kanta, a ce Allah ya kyauta. Kwana 30 na wucewa lissafin ya zama tabbatacce, ko da zalunci ne. Duk takardar da ta zo daga hukumar haraji, a ranar ka kai wa wanda zai karanta maka ita.

Maganar lambar haraji kuma an sauƙaƙa. Lambar NIN ɗinka ita ce tushen lambar harajinka, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC. Mutum ɗaya yana miƙa bayanin abin da ya samu a bara kafin ƙarshen Maris, wato abin da ka samu a 2026 za ka bayyana shi zuwa 31 ga Maris 2027. Ko ba a bin ka komai, ka cike fom ɗin. Tarar ƙin yin rajista 50,000 ce a watan farko, 25,000 a kowane wata bayansa. Tarar ƙin miƙa bayani 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata da ya biyo. Lissafa da kanka, shekara ɗaya ta sakaci ta fi harajin da muka fitar maka a sama. Kuma takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku na baya, za ta tare ka wata rana, a wajen neman takardar fili, ko kwangila, ko biza.

Wasu abokanka za su ce maka ka mayar da shagon kamfani, ai ƙananan kamfanoni ba sa biyan komai. Akwai gaskiya a ciki. A da, kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba shi ne ƙarami. Yanzu gwamnati ta bayyana iyakar a miliyan 100, tare da sharaɗin kadarorinsa na dindindin ba su wuce miliyan 250 ba. Irin wannan kamfani ba ya biyan harajin kamfanoni na kashi 30, ba ya biyan harajin raya ƙasa na kashi 4 da ya haɗe tsofaffin kuɗaɗen da ake karɓa daban-daban kamar na ilimi. Masu sana'ar ƙwarewa, irin su lauyoyi da mu akantoci, ba mu cikin wannan rangwamen. Sai dai ka sani, ranar da shago ya zama kamfani, kuɗin cikinsa ba naka ba ne da za ka zura hannu yadda ka so. In ka biya kanka albashi, za a cire harajin albashi. In ka raba riba, akwai kashi 10 da ake riƙewa. Duk shekara za ka miƙa lissafi ga NRS cikin wata shida bayan rufe shekarar kasuwancinka, ka kuma sabunta bayani a CAC, ka biya akanta. Ga mai ribar miliyan uku da ɗoriya, ni ban ga abin gaggawa ba. Ka fara iya riƙe littafi na shekara ɗaya tukuna. Wanda bai iya raba aljihun dama da na hagu ba, kamfani ƙarin ciwon kai ne gare shi. In ribar ta girma, ko ka fara kai kaya ga makarantu da ma'aikatu, ko kana so shagon ya rayu bayanka a hannun 'ya'ya, sai mu sake zama.

In kana kai kaya ga ma'aikata ko babban kamfani, za ka ga sun riƙe wani ɗan kaso, yawanci kashi 2 a kan kaya. Ba asara ba ce, biyan haraji ne tun kafin lokaci. Ka nemi takardar shaidar abin da suka riƙe, a cire maka shi daga harajin shekara. 'Yan kasuwa da yawa suna barin wannan kuɗin a banza. Batun VAT kuwa, a girman cinikinka ba a ɗora maka karɓarsa daga masu saye ba.

Su kuma masu yawo da rasit a cikin kasuwa, kuɗin shara, kuɗin allon talla, kuɗin lasisin shago, wannan wani babi ne na jiha da ƙaramar hukuma, kuma a gaskiya shi ya fi cin ran ƙaramin ɗan kasuwa. Shawarata a nan gajeriya ce: ka biya ta banki zuwa asusun gwamnati, ka karɓi rasit mai lamba, ka ajiye. "Kawo wani abu mu rufe maganar" ba ya rufe komai, baɗi wani zai zo da sabuwar fuska. In ana matsa muku, ku tafi ta ƙungiyar kasuwa, murya ɗari ta fi ɗaya.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma na san tana zuciyarka: na fitar da zakka, me ya sa zan biya haraji? Hanyoyinsu daban ne. Zakka ɗaya cikin arba'in ce ta dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, har da kayan da ke kan kanta, kuma masu cin ta an ambace su. Haraji a kan ribar shekara yake, gwamnati ke karɓa. Biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. Abin sha'awa shi ne ƙidayar kayan da kake yi duk shekara don fitar da zakka, ita ce dai ƙidayar da akanta ke buƙata don fitar da riba. Ka riga ka iya aikin, rubutawa ce kawai ba ka yi.

Yanzu ga maganar tsare dukiya, wadda ita ce rabin tambayarka na biyu.

Ajiye miliyoyi a shago ko a ƙarƙashin gado don gudun haraji, gudun gara ne a tarar da zago. Ka san abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta yi, dubban shaguna suka ƙone, kuma waɗanda suka fi kuka su ne masu ajiye tsabar kuɗi a ciki. Kai kanka ka ga ambaliyar da ta shiga Kwari a daminar 2022. Ga 'yan fashi, ga masu garkuwa da mutane da ke samun labari daga na kusa. Kuɗin banki kuwa yana da kariya. Tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan lamuni. Ba a daɗe da yin haka ba Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, kuma masu ajiyar da ba ta wuce miliyan 5 ba su aka fara biya. Darasin shi ne kada ka tara komai a banki ɗaya. Iyakar ta kowane banki ce, don haka miliyan 9 a bankuna biyu ta fi miliyan 9 a guda kwanciyar hankali. Kuma ka tabbata wurin da kake ajiya yana da lasisin Babban Banki, ba wai manhaja ce kawai mai kyawun launi ba.

In kuɗin ruwa ne ke sa ka ƙyamar banki, ai an daɗe da wuce nan. Jaiz yana aiki tun 2012, ga TAJBank, ga Lotus. Gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardun zuba jari da suka dace da shari'a, tun 2017, da shi aka gina hanyoyi da dama, kuma haya ake biyan mai zuba kuɗi, ba ruwa ba. Ga takaful, inshorar da ta dace da shari'a, wadda za ta iya rufe kayan shagonka daga gobara da ambaliya. Na san amsar da ake ba ni in na kawo wannan magana a kasuwa, cewa komai ƙaddara ce. Haka ne. Amma kai da ka sa wa shagon kwaɗo uku ka kuma haɗa kuɗin mai gadi, ba ka bar ƙaddara ita kaɗai ba. Abin lura, kamfanin takaful ma ranar biya zai tambaye ka shaidar kayan da ke ciki. Mun sake dawowa kan littafi. Ka riƙa ɗaukar hoton shafukansa da rasit ɗin sari da waya duk mako kana tura wa kanka, domin littafin da ya ƙone tare da shago bai yi maka rana ba.

Ɓarawon wannan zamani ya fi shigowa ta waya. Layin da ke haɗe da BVN ɗinka shi ne mukullin taskarka. Ka sa wa sim ɗin lambar sirri, yadda in an fizge wayar aka sa shi a wata ba zai buɗe ba. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take. Ka nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda, ka ba Hajiya kwafi. Ba ma'aikacin banki ko na haraji da zai kira ka ya nemi lambar katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Kuma da wannan sabuwar doka 'yan damfara sun samu sabon wa'azi: "za a rufe asusunka in ba ka haɗa shi da lambar haraji ba, danna nan." Kada ka danna. Yaran shago kuma ka kafa musu doka, ba a sakin kaya don an nuna hoton alat a waya, sai kuɗi sun bayyana a asusun shago. Kuma kada wani yaro ya karɓi kuɗin ciniki a asusunsa, ko da na'ura ta ƙi aiki.

Sai masu ninka kuɗi. MMM ta kwashe na mutane a Disambar 2016, aka ce an yi hankali. A Afrilun 2025 CBEX ta sake yin irinta, da sabon suna da maganar kirifto. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin wannan, amma ɗaurinsu ba ya dawo da kuɗinka. Kai ɗan kasuwa ne, ka san irin gumin da ake yi kafin turmin atamfa ya ba da ribar dubu ɗaya. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda kana kwance, tambaye shi me yake sayarwa, wa yake saye, kuma ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari. Na lura a wajenmu an fi kama mutane ta hanyar wanda suke jin kunya, aboki ko malami ko suruki wanda shi ma an biya shi zagayen farko.

Abin da ya fi cinye jarin 'yan Kwari, a iya abin da na gani, ba ɓarawo ba ne, ba haraji ba ne. Bashi ne da hauhawar farashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwarku ba ta tafiya sai da shi. Amma kayan da ka bayar bashi a watan Janairu aka biya ka a Satumba, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 kamar ƙarshen 2024, kuɗin da ya dawo ba zai sake saro kayan ba. A littafi ka ci riba, a kan kanta kaya sun ragu. Ka riƙa auna arzikinka da yawan dila da turmi, ba da yawan naira ba, kuma ka sa farashi bisa abin da za ka saro gobe, ba abin da ka saro jiya ba. Kowane mai karɓar bashi ya samu shafinsa, da iyakar da ba za a wuce ba, da ranar biya, da sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, don haka ba wanda zai ce ka raina shi don ka rubuta.

Daga cikin albashin da ka yanka wa kanka, ka ware abin da zai riƙe gida wata uku ko huɗu in kasuwa ta tsaya, a asusun da ba shi da kati. Kuɗin haraji ma ka riƙa ware shi duk wata, kamar 32,000 ɗin nan, don kada Maris ta zo ta same ka kana tsakiyar sarin kayan sallah. Masu sana'ar kansu suna iya buɗe asusun fansho a ƙarƙashin tsarin da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fara a 2019, akwai ma ɓangaren da ba ya mu'amala da ruwa, kuma abin da ka zuba a fansho ana cire shi kafin a lissafa maka haraji.

Littafin da nake ta magana ba sai na'ura ba. Babban littafi mai kauri ya isa. Shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita, kowane layi da kwanan wata da sunan kaya. A rufe lissafi kullum kafin magariba, yaron da ya fi iya rubutu ya rubuta, kai ka duba ka sa hannu. In ka fi sakewa da ajami, rubuta da ajami, akanta zai juya shi. Rasit ɗin sari a jera su wata-wata a cikin ambulan, waɗanda aka saro ba rasit a sa mai kayan ya rubuta ko a takardar makaranta ce ya sa lambar wayarsa. A ajiye komai shekara shida, domin iya nan bincike ke komawa baya a al'ada. In ka yi wata uku a haka, ka kawo littafin da takardar banki ta asusun shago mu duba tare.